Ɗinkin Aro

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya idon? Mama ta ce ka ƙi zuwa wurin likita, wai hasken shago ne ya ragu, ba idonka ba. Haba Kawu, fitila uku na sa maka da hannuna kafin in taho. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin garin nan da ya busar mini da yatsu. Na san ba ka son waya, kullum cewa kake maganar da ba ta hau takarda ba iska ce, shi ya sa na zauna na rubuto.

Aiki yana tafiya. Har yanzu ina ɗakin gyaran tsofaffin littattafai da ke ƙasan laburare. Shugabarmu wata dattijuwa ce da muke kira Mai Tabarau, don ɗaya na kan hancinta, ɗaya na kan goshinta, tana kuma yawo tana neman na uku. Da ta ga yadda nake shafa wa zare kakin zuma sai ta tambaye ni wace makaranta na yi. Na ce makarantar Kawu, inda ake koyar da ɗinkin littafi da ranƙwashi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Watan jiya aka sauko mana da wani littafi da ya kai shekara ɗari shida. Na lissafin taurari ne, irin wanda matuƙa jirgin ruwa ke amfani da shi. Daga wani gari na bakin teku ya fito, can gabas mai nisa, teku biyu tsakaninsa da nan, teku uku tsakaninsa da shagonka. A gefen shafukan akwai rubutun mutane da harsuna uku, kowa ya karanta ya bar sawunsa. Bayansa ya fara sakin jiki, ba wanda ya san yadda aka ɗinka shi, ba kuma wanda ya isa ya yanka ya duba.

Na ɗauki madubin ƙara girma na leƙa. Kawu, ka ji abin da na gani. Allura ta yi gaba biyu, ta dawo ɗaya, zare ya ratsa ƙarƙashin ɗan'uwansa, babu ko ɗigon gam. Koma-baya ne! Shi dai wannan da ka koya mini a kan bencin nan mai ƙafa uku da bulo, wanda aka rubuta a allon ƙofar shago: ƊINKIN BABA, NAN AKA FARA SHI.

Ashe ɗinkin Kaka ɗinkin aro ne. Tun kafin a haifi kakan kakansa wani ya yi shi a wata nahiya. Ni abin daɗi ya yi mini, har na yi ta dariya ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya. Ta yaya ya ƙetaro har ya iso hannunmu? Ko Kaka ya taɓa ba ka wani labari?

A gaishe da Inna. A ce mata rigar sanyin da ta saƙa mini hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ita nake sawa kullum.

Taka,
Allura


1 ga Maris

Allura,

Na sami takardarki. Muna lafiya. Idona lafiya lau, ki gaya wa uwarki ta daina kai rahotona ƙetare.

Sau uku na karanta, ko zan ga inda na yi kuskuren karatu. Ban gani ba. Ɗinkin aro kika rubuta, har da dariya.

Tun kina siririya kina faɗawa cikin kwandon zare muna nemanki, har sunan Allura ya bi ki, kin taɓa ganin kakanki ya ari ko almakashin maƙwabci? Mutumin da ya gwammace ya yanke zare da haƙori? Yanzu yana kabari, kin tsallaka ruwa kin samo madubi, kin gano tufafin da muka yi shekara hamsin muna ado da shi na wani ne. Kin dai san abin da ake cewa, kayan aro ba ya rufe katara. To kin yaye mu, sannu da ƙoƙari.

Ba ni da wani labari da zan ba ki. Allo yana nan inda yake. Abu ɗaya zan tuna miki. Ran da na ɗora hannunki a kan ɗinkin nan kin yi mini alkawari ba za ki nuna wa bare ba. Alkawari kaya ne.

Innarki ta ce hannunki ne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Kawunki


24 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara. Ina fatan jiki da sauƙi. Takardarka ta zo, na ga harufanka sun ƙara girma, layi shida sun cika shafi. Ba zan ce komai ba, kada ka ce ina kai rahoto.

Wallahi ban yi nufin zagin Kaka ba. A wurin aikinmu aro ba abin kunya ba ne, kalma ce ta kullum. Bakina ne ya saba, na manta yadda za ta sauka a kunnenka. Alƙalamin da ka rubuto mini faɗa da shi, sunansa daga Larabawa muka aro, su ma daga Girkawa suka aro. Ita kanta takardar a ƙasar Sin aka fara yin ta, ta yi ta bin hannun fatake da masu sana'a shekaru aru-aru kafin ta iso teburinka. Lambobin da kake sa wa shafi daga Indiya suka taso. Idan aka ce kowa ya mayar da abin da ya ara, daga kai sai bencin nan za ku rage a shago. Abin da nake nufi ke nan, ba wai Kaka ɓarawo ne ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Ka tuna mini alkawari, ni kuwa na riga na karya shi. Tun kafin in rubuto maka takardar farko na karya shi, na kuma zauna na cika maka shafi da zancen rigar sanyi don kada in faɗa.

Ranar da na gane ɗinkin, Mai Tabarau na tsaye a kaina. Ta ce shekara ashirin tana son ta san yadda zaren nan ke tafiya. Na ce na sani. Ba ta roƙe ni ba, Kawu, kada ka ɗora mata laifi. Ni ce na naɗe fararen takardu, na zura zare, na yi mata koma-baya a gaban mutum uku, don ina so su kalle ni yadda suka kalle ni. Wata takwas ina goge ƙura da jera kwali a ɗakin nan ba wanda ya san sunana daidai. Ran nan kowa ya sani. Daɗi na ji, ba zan ɓoye maka ba. Sai da na koma ɗaki na ga hotonka sannan na tuna alkawarin.

Alhakinka kuma bai jira ba. An ce in ɗinka na gwaji kafin a bar ni in taɓa tsohon littafin. Na ɗinka bakwai. Kowanne yana buɗewa shimfiɗe, gwanin sha'awa, amma idan aka buɗe aka rufe kamar sau ɗari sai zaren ya saki daga ƙarshe. Na tsohon littafin shekara ɗari shida ya yi kafin ya gaji. Na duba, na sake dubawa, ban ga inda mai shi ya ƙulle zarensa ba. Kamar ƙullin ya nutse.

Hukumar laburare ta ce idan ba a gyara shi ba zuwa ƙarshen Oktoba, za a sa shi a akwati a rufe, ba mai sake buɗe shi, sai dai a kalli hotonsa. Ni na ɗaga wa mutane rai, ni kuma na kasa.

Ba roƙonka nake ka taimake ni ba, ba ni da wannan bakin. So nake kawai ka ji daga gare ni. Ka yafe mini idan za ka iya.

Allura


30 ga Yuli

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata huɗu ke nan. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadin gidanmu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Mama ta ce ta wuce ta layinku ta ga an sauke allon, sai ƙusoshi huɗu a bango. Ta ce ta shiga ta tarar da kai zaune, ba ka aiki, ta yi maka magana ka ce ta gaishe da gida. Kawu, allon nan ya girme ni. Ko lokacin da ruwa ya ci layin gaba ɗaya shi ka fara cirewa ka ɗora a kai, ka bar injin matsi a ciki. Na san ni na sauke shi, ko da ba hannuna ba ne ya zare ƙusa.

Na gaya wa Mai Tabarau ba zan ƙara taɓa ɗinkin ba. Ta cire tabarau ɗaya ta dube ni. Littafin yana kan tebur, an lulluɓe shi da farin ƙyalle.

Ko zagi ne ka rubuto. Na fi son ranƙwashinka da wannan shirun.

Allura


2 ga Satumba

Allura,

Innarki ce ke rubutu, ni ke faɗa. Idan kin ga kuskure nata ne.

(Ƙarya yake. Ni ce Inna. Duk inda kika ga baka biyu, ni ce.)

Muna gaishe ki. An yi mini aikin ido a watan Mayu, na dama ya ɗan dawo, na hagu ya ce ya gaji. Takardunki biyu sun iso. Ta farko na sa aka karanta mini ita har Innarki ta haddace. Ba fushi ya hana ni amsa ba. Kunya ce. Ke kin yi laifi kin faɗa cikin wata biyu. Ni nawa ya shekara arba'in da ɗaya.

Kin tambaye ni ko kakanki ya taɓa ba ni labari, na ce babu. To ba labari ya ba ni ba, da idona na gani.

Ina da shekara goma sha tara, wani baƙo ya shigo shago da damina, ruwa na zuba daga rigarsa. Ma'aikacin jirgin ruwa ne, rashin lafiya ta sa jirginsa ya tafi ya bar shi, ya yi ta gangarawa gari gari yana neman aiki. Ba ya jin harshenmu, ba ma jin nasa. Tari yake kamar ƙirjinsa zai tsage, shi ya sa muka sa masa Mai Tari. Baba ya share masa ɗakin baya inda muke ajiye fata, ya ce ya zauna har ya warke.

Wata uku ya yi. Kullum yana zaune yana kallon Baba na shafa wa bayan littafi gam, yana yamutsa fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ran nan ya kasa haƙuri, ya fizge littafin daga hannun Baba. Na ce yau za a yi ta, don kin san kakanki. Sai mutumin ya zauna ya zura zare, ya yi gaba biyu, ya dawo ɗaya. Da ya gama ya buɗe littafin ya shimfiɗa a tafin hannu, ya kama bango ɗaya ya girgiza. Ko shafi bai motsa ba. Baba ya jawo benci ya zauna kusa da shi kamar yaro. Sati biyu suna yi, ba kalma ɗaya tsakaninsu, sai nuni da tsaki. Da yatsa ya nuna mana cewa shi ma wurin tsohuwarsa ya koya, ita kuma wurin wani da ya zo daga wani wuri. Ya nuna nesa da hannu.

Da ya warke ya tafi. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Kakanki bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro ba. Duk wanda ya yaba, sai ya ce, "Na baƙo ne, aro aka ba mu." Ya sha gaya mini, "Abin da baƙo ya ba ka, baƙo za ka ba, ta haka ake mayarwa." Aro, kalmar da kika rubuto ke nan. Da na gan ta a takardarki ji na yi kamar shi ne ya tashi ya rubuto, shi ya sa na hau ki da faɗa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Bayan rasuwarsa da wata biyu wasu suka buɗe shago a tsallaken titi, da injuna sababbi. Tsoro ya kama ni. Na kira mai fenti na ce ya rubuta NAN AKA FARA SHI. Na ce don girmama Baba ne, har ni ma na yarda. Ƙarya na yi wa mamaci, na kuma rataye ta a ƙofarsa.

Mutum nawa suka zo neman koyo na kora? Akwai wata malamar makaranta da littattafan ɗalibanta ke wargajewa, sau huɗu tana zuwa. Na ce sirrin gida ne.

(Sau biyar. Na biyar ɗin ya ɓuya a bayan injin matsi, ni na fita na ce ba ya nan.)

Ke kanki da na koya miki, sai da na ɗaure ki da alkawarin da ba ni da ikon ɗaura wa kowa. Kuma ban koya miki duka ba. Kin ce ƙullin kamar ya nutse. Nutsewa ya yi. Akwai ƙulli na ƙarshe da ake komawa da shi cikin naɗin takarda, a ɓoye shi a ƙarƙashin zaren farko, yadda duk buɗewa ƙara ɗaure shi take. Na nuna miki ƙullin gama-gari na riƙe wannan. Duk littafin da kika ɗinka a shago, bayan kin tafi gida sai in kwance ƙarshen in sake ƙullawa. Na ce ai 'yar ƙanwa ce, wata rana za ta tafi da shi wani gida. Wata biyar kina can kina zargin hannunki da alhakina, alhali ni na tura ki da rabin sana'a.

Allon ni na sauke shi, ba ke ba. Na hau kujera da ido ɗaya na zare ƙusoshin.

(Ya faɗo. Gwiwar ta warke.)

Ba a koyar da ƙullin nan a takarda, na gwada faɗa Innarki ta zana, abin ya fito kamar hanjin kaza. Don haka ga ɗan littafi nan a cikin ƙunshin, farar takarda ce zalla, na ɗinka shi da jan zare don ki gani sosai. Ki sa almakashi ki yanke bangon, ki bi zaren a hankali daga ƙarshe zuwa farko. Zai nuna miki abin da na hana ki. Ki yi a gaban Mai Tabarau da duk wanda ke son gani, har mai shara idan yana so.

Ba ni da abin da zan yafe miki. Kayan da na danne ne kika mayar. Ni ne mai neman yafiya, wurinki da wurin mutum biyu da ba sa karɓar wasiƙa. Abin da ya fi ci mini rai, wata uku mutumin nan yana tari a ɗakin bayanmu, ban taɓa nuna ƙirjina na faɗi sunana don ya faɗi nasa ba.

Kawunki

(Allura, ya fita alwala, bari in ƙara miki. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana ɗinka ɗan littafin nan, da lalube, ya soki yatsa ya fi a ƙirga. Da ya gama ya naɗe allurorinsa ya ba ni ya ce in ajiye. Ba zai ƙara wani ba, shi ma ya sani. Na san halinki, za ki ce ba za ki iya yanka shi ba, ki sa a akwati kina kallo kina kuka. Kada ki kuskura. Don a yanka ya yi shi.)


20 ga Oktoba

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna mai baka biyu. Yaya gwiwa, yaya ido?

Inna ta san ni. Kwana tara littafin yana cikin jakata, ina fito da shi ina mayarwa. Akwai ɗigon jini a shafi na huɗu, na san ba ka gan shi ba. A rana ta goma na ajiye shi a kan tebur na kira kowa. Mai Tabarau ta riƙe mini bangon, na yanka.

Na ga ƙullin. Kawu, ɗan mitsitsin abu! Shekara uku ina zaune kusa da kai, ashe yana ƙarƙashin babban yatsanka. Na ji haushinka na kusan rabin awa, gara in faɗa maka.

Mu biyar muka koya, har da wani ɗalibi da ya zo daga wata nahiyar daban, ya ce zai kai gida. Shekaranjiya muka gama tsohon littafin. An buɗe shi a tsakiya, ya kwanta shimfiɗe, taurarinsa duk a waje. Ba za a sa shi a akwati ba.

Akwai katin da ake cikewa bayan kowane gyara, da gurbin da ake rubuta daga wa aka samo hanyar aikin. Na rubuta: daga kawuna, daga mahaifinsa, daga wani baƙo mai tari da ba a tambayi sunansa ba, daga mahaifiyarsa. Gurbin bai isa ba, na juya bayan katin.

Ɗan littafinka yana cikin wannan ƙunshin. Ban yanke jan zaren ba, warware shi na yi, na sake ɗinka shi da shi, na yi masa sabon bango. Ba sai ka kunna fitila ba. Ka shafa bayansa da yatsa, ka kama bango ɗaya ka girgiza, ka gaya wa Inna ta rubuto mini ko ƙullin ya nutse.

Aro ka ba ni, Kawu. Ga shi na mayar.

Taka,
Allura